'Yan Rawar Baba na Tangaran

Mahaifina ya shafe shekara arba'in da ɗoriya yana tara 'yan rawa. 'Yan mutum-mutumi ne na tangaran, ƙirar ƙasar Rasha, kowace tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba, kuma duk masu irin rawar nan ce ta Turawa da ake tsayawa a kan yatsun ƙafa, wadda suke kira bale. Ashirin da uku ne. Wata ta sunkuya tana ɗaure igiyar takalmi, wata ta ɗaga hannu bisa kai ta karkata wuya, akwai kuma wata da ke zaune ta gaji, ta dafe ƙugu kamar wadda ta gama daka. Suna jere cikin kabad na gilashi a ƙaramin ɗakin gidanmu na council, wato gidan hayar ƙaramar hukuma, a Handsworth, cikin Birmingham, inda aka haife ni na girma.

Baba ya je birnin Leningrad na ƙasar Rasha karatun narkar da ƙarfe a zamanin da gwamnati ke tura samari can, don su dawo su riƙe katafaren kamfanin ƙarfen da aka ce ana ginawa a gida. Ya dawo da takardarsa, kamfani bai tashi ba, ya zauna jira har ya gaji, sai ya biyo wani abokinsa Ingila ya kama aiki a masana'antar zubin ƙarfe. A can Leningrad ɗin ne wani ɗan ɗakinsu ya ba shi tikitin kallon rawa. Ya ce a can ƙololuwar bene ya zauna, yaron da bai taɓa ganin rawar da ta wuce ta kalangu ba, ya kasa rufe baki har aka tashi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana.

"Uwata," yakan ce, "mutanen nan ƙafarsu jini take yi cikin takalmi, amma ki dubi fuskarsu. Ban taɓa ganin masu shan wuya su ɓoye irin haka ba."

'Yar tangaran ta farko da wandon jins ɗinsa guda ɗaya tal ya yi musayarta a wani shagon tsofaffin kaya. Sauran a Ingila ya tsince su, ɗaya bayan ɗaya, a irin kasuwar Lahadin nan da mutane ke buɗe bayan motocinsu a fili suna sayar da tarkacen gida. Ni ce 'yar rakiya, kuma Allah ya sani ban taɓa so ba. 'Yan ajinmu na kwance suna kallon talabijin, ni ina tsaye cikin taɓo hancina na yoyo, Baba ya juya gindin wata 'yar tsana yana duba hatimin da ke ƙasa. Shuɗin hatimi da aka ƙona cikin tangaran ɗin daban, jan da aka buga daga baya daban, kuma da kallo ɗaya yake sanin wadda aka yi kafin babban yaƙi. Sai ya ƙwanƙwasa ta da farce ya kara a kunne, don mai tsaga a ciki ba ta ƙara. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ya kai ta baki ya goga haƙori a wuyanta, wai inda aka taɓa mannewa da gam ya fi laushi a haƙori. Dattijo da gemu da hula, yana cizon 'yar tsana a gaban Turawa. Nakan matsa gefe in yi kamar ban san shi ba.

Ummanmu ba ta taɓa son su ba, amma ba su taɓa yin faɗa a kansu ba. Ta san mala'iku ba sa shiga inda aka girke sura, shi ma ya sani. Sai suka yi sulhun da ban taɓa jin sun tattauna da baki ba: ƙaramin ɗakin nasa ne da 'yan rawarsa, ƙofa a rufe kullum, ba a sallah a ciki, ita kuma ba ta taka shi ko da shara. Idan wata baƙuwa ta yi tsegumi, Umma takan ce wannan tsakaninsa ne da Ubangijinsa, ta tura mata farantin cincin. Haka suka zauna har Allah ya karɓi ranta.

Bayan rasuwarta da shekara biyu mantuwa ta kama Baba. Lokacin na yi aure ina Longsight a Manchester, ina aiki a wani kemis a Stockport Road, maigidana likita ne a asibiti, muna da 'yan mata biyu. Shekarun ne kuma da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, ko'ina ka juya an rufe wani abu. Akwai wata cibiyar tsofaffi kusa da gidan Baba inda yake wuni sau uku a mako, a ba shi abinci, a sa masa ido. Aka rufe ta. Matar da ke zuwa da safe ta ba shi magani aka rage mata lokaci, ta koma tana shigowa ko rigar sanyinta ba ta cirewa ta fita. Daga baya aka sake duba shi aka ce larurarsa ba ta kai ta a turo kowa ba. Ranar da maƙwabciyarsa ta kira ni ta ce ta ji ƙauri, ta tarar da tukunya ta ƙone ƙurmus shi kuwa yana ƙaramin ɗaki yana goge 'yan rawarsa, ranar na ce ya isa, Baba zai dawo wurina.

Matar council da ta zo duba gidanmu a Longsight ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce babu ma'aikatan da za a turo mana. Muddin yana zaune lafiya a gida, to. Amma idan ya fara fita yana ɓata, dole a kai shi gidan kula da tsofaffi, kuma duk inda gado ya samu nan za a kai shi. Na ce mata a wurinmu ba a yin haka. Ta dube ni da tausayi, ta rubuta wani abu a takardarta. Tun daga ranar ba ni da wani buri a duniya da ya wuce kada mahaifina ya ƙare rayuwarsa a hannun baƙi.

Gidanmu irin jerin gidajen nan ne masu manne da juna, ɗaki biyu a sama, falo da kicin a ƙasa. Hawa bene na wahalar da Baba, sai muka sa masa gado a falo. Kabad ɗin ma a falon ya tsaya, don babu ƙaramin ɗaki, babu ƙofar da za a rufe. Ni da kaina na naɗe 'yan rawar cikin jarida na ɗauko su a cinyata tun daga Birmingham.

Su ne kuwa suka riƙe mana shi. Kowace safiya bayan ya sha shayi sai ya buɗe kabad, ya ɗauko tsohon burushin askinsa, ya fito da su ɗaya-ɗaya yana share musu ƙurar da babu ita. Kowace yakan dubi fuskarta ya faɗi inda ya same ta, da wanda ya sayar masa, da irin ruwan da aka yi ranar. Mutumin da ya manta ko ya ci abinci, ya manta sunayen jikokinsa, amma wannan jerin ba ya kuskure ko ɗaya. Aikin kan kai shi har azahar, ya yi sallah a ƙofar kicin, ya kwanta. Muddin ya yi wannan da safe, ranar lafiya za a wuni. Likitar ƙwaƙwalwa da ke ganinsa ta ce kada mu taɓa masa wannan al'ada.

Sai surukata ta zo daga Kano. Hajiya mahaifiyar maigidana ce, ta zo da bizar wata shida don ta taya mu da yara, tun da mu biyun kullum muna wajen aiki. Mace ce mai yawan ibada da ƙarancin magana. Ranar da ta iso ta shiga falo ta durƙusa suka gaisa da Baba, gaisuwar surukai mai tsawo, kowa kansa a ƙasa. Da ta ɗago sai idonta ya faɗa kan kabad. Ta gyara mayafi ta fita.

Da la'asar na neme ta ban gan ta ba. Sai na hango ta ta tagar kicin, a ɗan filin bayan gida inda muke ajiye kwandon shara, ta shimfiɗa leda ta ɗora darduma tana sallah. Watan Nuwamba ne, ana yayyafi.

Na ce, "Hajiya, ai da kin yi a sama, akwai wuri."

Ta ce, "Ba komai, 'yar nan. Nan ma ya yi."

Kullum haka. Azahar, la'asar, duk sallar da ta same ta, sai ta ɗauki ledarta ta fita. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, wadda ba ta taɓa ganin sanyin Ingila ba. Ba ta taɓa ɗaure mini fuska ba, ba ta taɓa ambatar kabad ɗin ba, kuma wannan shirun shi ya fi ci na. Da ta buɗe baki ta ce ga abin da ke damunta, da na san abin yi. Ni kuma ba zan iya tunkarar uwar mijina in ce Hajiya me kike nufi ba, ba a yi mini tarbiyyar haka ba. Sai na zauna ina fassara shirunta da kaina, ni da aka haifa a Handsworth, wadda duk zamana a Kano bai wuce na hutun makaranta ba. Na yanke cewa yajin aiki take yi mini. Na yanke cewa so take in zaɓa tsakaninta da gumakan ubana, kuma idan ta koma Kano kowa zai ji cewa ɗanta yana zaune a gidan da mala'iku ba sa shiga.

Na gwada lulluɓe kabad ɗin da zanin gado. Da safe Baba ya tashi bai gan su ba, ya tsaya tsakiyar falo yana tambayar ina ne nan, wa ya kawo shi. Sai da na yaye zanin ya zauna. Na yi tunanin kai su rumfar bayan gida, amma na san ko ba takalmi zai bi su cikin sanyin nan.

Cikin wata na huɗu Hajiya ta fara tari. Tarin ya sauka ƙirji, aka ba ta magani, amma ba ta fasa fita ba. Maigidana lokacin aiki ya sha kansa, an rage musu ma'aikata, yakan dawo idonsa jajir. Na tare shi a kicin na ce sai ya yi wa mahaifiyarsa magana.

Ya ce, "In ce mata me? Ta daina sallah inda ranta ya kwanta? You know I can't. Kuma Baba surukina ne, ba zan buɗe baki in ce a fitar da kayansa ba. Don Allah just sort it out, ke ce a tsakiya."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Kowa ya fake da kunya, an bar ni da kaya. Na ji haushinsa, na ji haushin Hajiya, har Baba na ji haushinsa, da ya rasa abin tarawa a duniya sai 'yan mata masu guntun siket.

Ranar Lahadi na je karatun mata da muke yi a wani masallaci a Cheetham Hill. Malamin wani ɗalibi ne daga Zariya da ya zo digiri na uku, yaro mai natsuwa. Bayan an tashi na tsaya a bakin ƙofa na ce ina da tambaya.

"Malam, idan akwai 'yan tsana a gida, kuma babu halin a fitar da su fa?"

Ya ce, "Na wasan yara ne? Idan na wasan yara ne ai babu laifi."

Na ce, "A'a, na ado ne."

Ya ce, "To na ado, malamai sun ce surar tana ga kai. Idan aka cire kan, ta zama kamar itace. Just remove the head, Hajiya, shi ke nan, sai ki bar su inda suke."

Ban gaya masa na waye ba. Ban gaya masa shekarunsu ba, ko abin da suke yi wa mai su kowace safiya. Na tabbata 'yan robar da ake sayarwa a kasuwar Longsight ya ɗauka. Amsa ya ba ni daidai da tambayar da na yi, kuma ni na san dalilin da ya sa na yi ta a dunƙule. A cikin bas ina dawowa har wani sanyi na ji a raina. Ga mafita: 'yan rawa za su zauna a kabad, Baba zai samu abin gogewa, Hajiya za ta shigo ciki. Na ce wa kaina mutumin da bai san ranar mako ba ina zai lura da kai. In Hajiya ta tafi sai in manne su da gam.

Ranar Talata maigidana ya samu hutu ya kai Baba ganin likitar ƙwaƙwalwa. Yara na makaranta, Hajiya na sama tana hutawa. Na ɗauko filaya daga akwatin kayan gyara, na naɗe bakinta da filasta don kada ta yi musu ƙwarzane. Har da wannan na yi, wai ni mai hankali. Na shimfiɗa tawul a kan tebur, na zuba auduga cikin gwangwanin biskit.

Mai ɗaure takalmi na fara ɗauka. Na kama kan, na ɗan murɗa, ya yi ƙas ya fita sumul, kamar an ɓalle alli. Ta biyu ma haka. Ta ukun ita ce mai hannu bisa kai, kuma da na murɗa sai hannun ya biyo kan, kafaɗar ta tarwatse a kan tawul. A nan ya kamata in tsaya. Na tsaya ɗin ma, na kai minti biyar ina kallon abin da na yi. Sai na ce uku marasa kai da ashirin masu kai ba su amfani kowa ba, Hajiya za ta ci gaba da fita, ɓarnar kuma an riga an yi. Na ci gaba. Wasu suka fita lafiya, wasu wuyan ya rugurguje. Ashe cikinsu duk rami ne, ban taɓa sani ba. Ko awa ɗaya ban yi ba na gama, na mayar da kowace gurbinta, na share ɓarɓashin, na rufe gwangwani.

Ina tsaye ina kallon kabad ɗin sai na ji takun Hajiya a bene, ledarta a hannu, za ta fita azahar. Na ce, "Hajiya, yau a ciki za ki yi. Zo ki gani."

Ta leƙo falo. Ledar ta faɗi daga hannunta.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yar nan, me kika yi?"

"Don ki samu ki yi sallah a ciki, Hajiya. An ce idan babu kai..."

"Ni na sa ki? Na taɓa buɗe baki na ce miki wani abu? Kayan mahaifinki, yana raye, yana cikin wannan hali?" Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai ranar. "Ni fa da kika ga ina fita, don kada in takura wa bawan Allah ne. Na ga su ne abin da ya rage masa. Na ce ni baƙuwa ce, in kau da kai, in yi ibadata a waje, kowa ya zauna lafiya. Saura mako biyar in koma gida, 'yar nan. Mako biyar."

Ta zauna a kan matakalar bene ta rufe fuska da mayafi. Ashe kawaici take yi mana. Irin wanda Ummata ta yi shekara talatin a gabana, na gani da idona kullum, amma da ya zo mini a jikin wata ban gane shi ba.

Ba a jima ba na ji mota ta tsaya. Maigidana ya shigo riƙe da hannun Baba, Baba na ba shi labarin wani malaminsu na Leningrad yana dariya. Ya cire hula ya ajiye, ya juya wajen kabad kamar yadda yake yi duk lokacin da ya shigo. Ya daɗe a tsaye. Ya buɗe gilashin, ya ɗauko mai ɗaure takalmi, ya juya ta, ya sa ɗan yatsa a ramin wuyan. Ya buɗe baki zai faɗi inda ya same ta, maganar ba ta zo ba. Ya ajiye ya ɗauki wata. Haka ya bi su har ta ƙarshe, babu wadda ya iya cewa komai a kanta. Ashe da fuska yake gane su.

Bai yi ihu ba. Ya juyo ya dube ni sosai, irin kallon da ake yi wa ma'aikaciyar da aka gani a ofis, ya ce cikin ladabi, "Baiwar Allah, taimaka ki kira mini 'yata. An shigo mana gida."

Na ce, "Baba, ni ce."

Ya ce, "Tana Manchester. Ki gaya mata ta zo, ita za ta san abin yi."

Washegari ya sha shayi, ya ɗauki burushi, ya tsaya gaban kabad, ya ajiye burushin. Kafin in sauko daga shirya yara ya buɗe ƙofa ya fita. A Stockport Road na same shi da silifas, yana tambayar mutane bas ɗin Handsworth. Wai zai koma gida ya duba ko ɓarayin sun bar sauran.

Na ɗauki hutu a wurin aiki, na sayo gam mafi ƙarfi, na zazzage gwangwanin a kan tawul. Kawuna ashirin da uku, kowanne bai fi ƙaramin goro girma ba, duk da gashi a ɗaure a ƙeya, duk da ɗan jan leɓe. A nan na gane ban san wanne ne na wacce ba. Na girma da su, na ɗauko su a cinyata, ban taɓa tsayawa na kalli fuskar ko ɗaya ba. Hajiya ta zauna kusa da ni da tabaronta tana taya ni gwada bakin karaya da bakin karaya, ba ta sake ce mini komai kan maganar ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Kwana uku muka yi. Goma sha huɗu suka mannu, sauran wuyan ya zama gari.

Na jera goma sha huɗun na kira Baba. Ya ɗauki ta farko, ya kai ta baki ya goga haƙori a wuyan, ya yamutsa fuska. Ya ɗauki ta biyu ya dube ta.

Ya ce, "Wannan ba kanta ba ne. Wannan kan na mai madubi ne. Wa ya yi wannan wulaƙancin?"

Ya tura su gefe, bai sake taɓa su ba.

Sau huɗu ya fita cikin wata guda. Mun sa sakata a saman ƙofa, ya hau kujera ya zare. Na huɗun 'yan sanda ne suka kawo shi daga tashar manyan motoci, ya faɗi ya fasa goshi. Matar council ta dawo da takardarta. Ba ta ce ai na gaya miki ba, ta dai tambaya ko wani abu ya canza a gidan kwanan nan, don irin wannan saurin lalacewa yakan biyo bayan wani abu. Maigidana ya dubi ƙasa. Na ce babu abin da ya canza.

Hajiya ta koma Kano a ranar da bizarta ta nuna. Makonninta na ƙarshe a ɗakin sama ta yi sallah. A filin jirgi ta riƙe hannuna ta ce in yi ta istigfari, in kuma nemi yafiyarsa tun yana da rai.

A Manchester layin jiran gado a gidan tsofaffi ya yi tsawo. Gadon da ya samu a wani gida ne a gefen Birmingham, bas biyu daga Handsworth, inda babu mai jin Hausa ko ɗaya, babu wanda ya san lokacin sallah. Ba a yarda da kayan fashewa a ɗakunan ba. Shekara biyu da wata bakwai ya yi a can, kuma kowace Asabar nakan hau mota tun safe in je, da tuwo a kula.

Na bi maganar Hajiya. Sau uku na durƙusa gaban kujerarsa na ce, Baba, ni na karya su, da hannuna, da filaya, ka yafe mini. Ya saurare ni har na gama, ya girgiza kai yana murmushi.

Ya ce, "Haba baiwar Allah, kada ki ɗora wa kanki. Ke da kike kawo mini tuwo? Ba ki san su ba ma."

Ya manta Umma, ya manta Leningrad, daga baya Turancin ma ya zube ya bar shi da Hausa da 'yan kalmomin Rashanci. Amma bai manta an shigo masa gida ba. Duk wanda ya shiga ɗakin sai ya gaya masa, ya kuma ƙara da cewa hankalinsa a kwance yake, don yana da 'ya a Manchester, mai ilimi ce, ba ta wasa, tana nan tana bin sawun wanda ya yi.

Asabar ta ƙarshe da na same shi yana magana, na ba shi tuwo loma uku ya kau da kai. Na goge masa baki. Ya kama wuyan hannuna da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

"Kina ganin 'yata a can?"

Na ce, "Ina ganinta, Baba."

"Ta same shi?"

Na ce, "Ta same shi."

Ya saki hannuna ya gyara kwanciya. Ya ce, "Alhamdulillahi. Ki ce mata kada ta yafe masa."